Yadda ake adana dabbobi a gidan tarihin halittu, da abin da zai yiwu a Argungu

Wani malamin Bayoloji a wata makarantar sakandare a Argungu ne ya aiko da tambaya. Ya ce yana ganin hotunan gidajen tarihin halittu na ƙasashen waje, ga zaki tsaye cikin gilashi kamar zai yi ruri, shekara ɗari bai ruɓe ba. Allura ake yi musu ko yaya? Yana kuma son ya buɗe wa ɗalibansa ɗan ɗaki irin wannan. Wani masunci ya yi masa alkawarin babban giwan ruwa daga Matan Fada, mafarauta kuma sun ce za su riƙa kawo masa tsuntsaye da ƙananan namun daji. Ta ina zai fara?

Malam, babu allurar da ke tsayar da zaki. Abin da kake gani cikin gilashin nan fata ce kawai, jemammiya, an ɗinke ta a kan gangar jikin da aka ƙera. Nama da kayan ciki duk an fitar. Idanun na gilashi ne, harshe da dasashi na roba ne ko kakin zuma da aka yi wa fenti, a cikin kunnuwan kuma an zura abu mai tauri don kada su naɗe in sun bushe. Mutanen zamanin da, cusa wa fatar ciyawa da tsumma suke yi har ta cika, shi ya sa tsofaffin ayyuka da yawa suka fito a kumbure. A gidan tarihi na Horniman da ke Landan har yanzu akwai wata ƙatuwar dabbar teku mai haure da aka kawo daga Kanada wajen shekarun 1880. Masu aikin ba su san cewa fatarta mai naɗe-naɗe ce tun tana da rai ba, sai suka yi ta ɗura mata kaya har ta miƙe sumul. Wanda ya gyara sana'ar shi ne Carl Akeley, Ba'amurke da ya yi aiki a Shikago da Niyok, ya rasu a Kwango a 1926. Shi yakan auna dabbar tun tana ɗanya, ya tsayar da ƙasusuwanta, ya gina tsoka da jijiya a kansu da yumɓu, ya ɗauki zubin wannan siffa da filasta, ya fitar da gangar jiki mara nauyi mai rami a ciki, sannan ya lulluɓa fatar. Yanzu da kumfar roba mai tauri ake yin gangar, amma tsarin nasa ne.

Wannan aiki na shekaru ne kafin hannu ya faɗa, kuma ba da shi ya kamata ka fara ba. Ko a manyan gidajen, abin da ke gilashi ɗan kaɗan ne cikin abin da suka mallaka. Mafi yawa yana ɗakunan baya: fatun tsuntsaye a kwance cikin durowa, ƙasusuwa cikin kwalaye, kifi da macizai cikin kwalabe. Kowace dabba da irin adanar da ta dace da jikinta, kuma a ƙasar Kabi abu uku ne ke yanke hukunci: kitse, zafi da ƙwari.

Mu fara da giwan ruwan, tunda shi ne ya fi damunka. Kada ka yi yunƙurin feɗe shi ka busar da fatar. Fatar babban kifi cike take da mai, kansa ma haka. Ko ka kankare iya ƙarfinka, da bazara ta zo man zai tsattsafo ta ƙarƙashin fenti, ya yi rawaya, ya yi wari, kan ya motse, filafilan su tsattsage. Manyan kifayen da ke rataye a bangon gidajen tarihi galibinsu zubi ne, babu ko ɓawo ɗaya na kifin a jikinsu. Kai ma zubin za ka yi, kuma kayan aikin ba su fi ƙarfin garinku ba: filastar da masu silin POP ke aiki da ita, da rezin da zaren faibagilas irin na masu gyaran bambar mota.

Ana fito da kifin daga ruwa ka ɗauke shi hoto ta kowane gefe cikin hasken rana, ka matso kusa da ido da baki da filafilai, domin wannan ƙyallin azurfar da ruwan ɗorawar da ke kewaye da ƙwayar idonsa ba sa daɗewa bayan ya mutu. Ka auna tsawo da kauri da nauyi. Ka roƙi masuncin kada ya farke cikin tukuna. Zai so ya yi saurin cire jakar iskar, don tana da kasuwa, amma da zarar an farke sai cikin ya lotsa, zubin ya fito kamar na kifin da ya kwana da yunwa. Idan an riga an farke, a cika cikin da jiƙaƙƙen tsumma a ɗinke. A wanke yauƙin jikin da ruwan alif, wannan da ake tace ruwa da shi, domin filasta ba ta kama zanen ɓawo a kan yauƙi. Sai a kwantar da kifin cikin danshin yashi a inuwa, rabinsa a binne, a ɗan lanƙwasa wutsiya, a baje filafilan a kan yumɓu a kafe su da allura, a toshe baki da marfin kunne da yumɓu don kada filasta ta shiga ta kulle. Zubin farko ya kasance mai ruwa-ruwa, a watsa shi da hannu ya shiga ko'ina ba tare da kumfar iska ba. Na biyu mai kauri, a haɗa da tsumman buhun da aka tsoma a filasta, har kaurin ya kai santimita 3, a kifa sanduna biyu a baya don kada ya karye wajen ɗagawa. Cikin minti 20 zuwa 30 za ta kama, a yanayin zafi ma ba ta kai haka, don haka a kwaɓa kaɗan-kaɗan da ruwan sanyi. Rabin jiki ya wadatar tunda a bango za a rataye.

Mazubin ya sha iska kwanaki har ya bushe ƙarau. Nan ne masu gaggawa ke asara, domin rezin ba ya kamawa a kan danshi, sai ya tsaya yana danƙo. In ya bushe a shafe cikinsa da banish, a goga kakin zuma sau uku ko huɗu don zubin ya saku, a shafa rezin, a shimfiɗa zaren faibagilas hawa biyu ko uku ana danna shi da burushi. Washegari a ɓamɓare filastar, a yi fenti ana duban hotunan nan. Daga jikin kifin kuwa ka ajiye ƙashin kai, da 'yan ƙasusuwan baya, da ɓawo kamar 10 cikin ambulan. Ɗalibi zai ga zoben girma a jikin ɓawon da madubin ƙara girma.

Ƙananan kifi irin su karfasa, tarwaɗa, kurungu, minjirya da gaiwa, haka kwaɗi da ƙadangaru da macizai, su kwalba ce gidansu. Aikin hawa biyu ne, kuma ruɗa su shi ne kuskuren da ya fi yawa a ɗakunan gwaji na makarantu. Fomalin shi ke daskarar da nama ya hana shi ruɓewa, etanol kuma shi ake ajiyar dindindin a ciki. Fomalin da ake sayarwa ƙarfinsa kashi 37 zuwa 40 ne cikin 100. Ana haɗa awo 1 nasa da awo 9 na ruwa. In an bar shi haka, a hankali yakan koma mai tsami ya cinye ƙashi, shi ya sa ake zuba wa kowace lita giram 4 na sodiyam fosfet mai sodiyam ɗaya da giram 6.5 na mai sodiyam biyu. Inda babu su, ɗan garin boraks yana rage ɓarnar. Fomalin a hankali yake ratsa nama, ruɓa kuma daga hanji take farawa, don haka duk abin da ya wuce santimita 10 zuwa 15 sai an ɗura masa ruwan cikin ciki da sirinji, ko a tsaga cikin kaɗan. A kifi gefen dama ake tsagawa, a bar hagu lafiya domin shi ake aunawa ake nunawa. Maciji ana tsira masa allura duk bayan 'yan santimita har wutsiya, sannan a naɗe shi yadda zai zauna a kwalba, domin in ya ƙage ba ya sake lanƙwasuwa. Ruwan ya ninka jikin dabbar kamar sau 10. Ƙanana mako guda ya ishe su, manya mako biyu ko fiye.

Daga nan a ɗauraye a jiƙa a ruwa kwana ɗaya ko biyu ana canzawa, a bi da shi ta etanol mai kashi 30, sai mai 50, kwana ɗaya ko biyu kowanne, kafin ya zauna a mai kashi 70. In aka tsunduma shi kai tsaye a mai ƙarfi, sai ya yamutse. Lissafin ba wuya: daga etanol mai kashi 96, a auna mililita 730, a cika da ruwa mai tsabta zuwa lita 1. Launi dai zai tafi ko me aka yi, ja da kore su ne kan gaba, shi ya sa hoto yake zuwa kafin kwalba. Wanda ke son a yi binciken ƙwayar halitta wata rana, ya yanki ɗan filafili ya sa a etanol mai kashi 95 tun kafin fomalin ya taɓa shi.

Matsalar kwalba a nan murfi ce. Na ƙarfe yana tsatsa, na roba mai tauri yana tsagewa, kuma a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 etanol ficewa yake yi ta kowace kafa. Shi ke riga ruwa tashi, don haka kwalbar da ta ragu ba raguwa kawai ta yi ba, ta yi rauni, in an ƙara mata ruwa an gama da ita. A ƙara da etanol mai ƙarfi, a samu murfi mai zoben roba, a ja layi a jikin kwalba don a ga raguwa, a ajiye a kabad mai duhu nesa da wuta, domin etanol mai kashi 70 yana kama wuta ko a yanayin ɗaki. Fomalin kuma an tabbatar yana jawo ciwon daji. A waje ake haɗa shi ko kusa da taga, da safar hannu da tabarau, kuma ba aikin ɗalibai ba ne.

Ƙashi shi ne abin da ya fi arha, ya fi jure yanayinmu, kuma a ganinmu ya fi koyar da ɗalibi. Kan akuya da na kare da na zomo a jere sun isa darasin haƙori na mako guda. A cire nama iya yiwuwa, a tsoma cikin bokiti mai murfi da ruwa zalla, a ajiye can bayan makaranta. A Turai sai sun sa na'urar ɗumama ruwa ya kai digiri 35 zuwa 40 kafin ƙwayoyin cuta su narkar da naman, a nan rana ta ɗauke maka wannan. Mako biyu zuwa huɗu, ana rage ruwan ana ƙarawa, kuma kullum ta rariya ake zubarwa don haƙora na zubewa. Kada a tafasa: tafasa na tura kitse cikin ƙashi, tana fasa haƙori, tana wargaza kan ƙaramar dabba. Cire kitse shi ke cin lokaci, makonni cikin ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, har ƙashin ya daina yin tabon rawaya in ya bushe. Farantawa da haidurojin feroksaid mai kashi 3 ake yi, na kantin magani, kwana ɗaya ko biyu. Bilicin wanki yana farantawa nan take, amma yana ci gaba da cin ƙashin, bayan 'yan shekaru ka taɓa shi ya zama gari.

Ƙananan ƙasusuwa, irin na tsuntsu ko jemage, ƙwari ake bai wa. Ƙwaron kuwa kowane mai sayar da banda a Yawuri ya san shi, shi ne baƙin nan mai tsutsa mai gashi-gashi da ke rarake busasshen kifi. Gidajen tarihi kiwon sa suke yi cikin akwatin ƙarfe, su ba shi gawar da aka shanya ta yi ƙamas, ya cinye naman ya bar ƙashi a haɗe. Sai dai shi ne kuma babban maƙiyin fatu da gashin tsuntsu. Akwatinsa kada ya kwana gini ɗaya da kayan da ka adana.

Tsuntsu kuwa, ka koya da tattabara ko zabuwa. A toshe baki da auduga, a buɗe gashin ciki, a tsaga fata kaɗai daga ƙashin ƙirji zuwa dubura, ana barbaɗa garin masara yana shanye jini da mai don kada gashi ya ɓaci. A yanke ƙafa a gwiwa ta ciki, a yanke gindin wutsiya ba tare da an taɓa tushen gashin ba, a yanke fukafukai a kafaɗa, a juye fatar ta kan wuya har zuwa baki. A cire ido da harshe da ƙwaƙwalwa, a kankare kitse sarai, a shafe cikin da garin boraks, a mayar da fatar daidai, a naɗa auduga a tsinke gwargwadon jikin da aka fitar a zura, a ɗinke, a gicciya ƙafafu, a kwantar da shi rigingine ya bushe a inuwa cikin akwati mai raga. Auduga in ta yi yawa fatar za ta miƙe, wuraren da ba gashi su bayyana. Agwagwa da sauran tsuntsayen ruwa ka bar su sai hannu ya saba, kitsensu yawa gare shi.

A dabba mai gashi, agogo ne abokin gaba. Cikin zafin nan 'yan sa'o'i kaɗan sun isa ƙwayoyin cuta su saki tushen gashi, ka ja ya biyo hannunka, kuma wannan ba shi da magani. A auna tsawon jiki, wutsiya, ƙafar baya da kunne, a feɗe nan da nan, a juye kunnuwa, a tsaga leɓɓa ta ciki, a zare ƙashin wutsiya, domin a waɗannan wurare ruɓa ke ɓuya. A cika da gishiri mai laushi, bayan awa 24 a kakkaɓe a sa sabo. Majemanmu gwanaye ne, amma ka yi musu bayani dalla-dalla, don aikinsu na yau da kullum da toka ake fara shi domin gashi ya zube, bagaruwa kuma tana rina fata. Ka ce irin aikin buzu kake so, kada toka ko kanwa su kusance ta. Ƙaramar fata kamar ta zomo ko kurege za ka iya da kanka: kimanin giram 100 na gishiri da giram 50 na alif a kowace lita, mako guda ana juyawa, a ɗauraye sama-sama, a shafa ɗan mai, a yi ta murzawa tana bushewa. Jimar alif ba ta son ruwa, in fatar ta jiƙe sosai alif ɗin fita yake yi. Fiɗar mahauta da ta mafarauta kuwa ba ta yi, don sukan yar da kai da ƙafafu. Zakunan Tsavo biyu da suka addabi masu shimfiɗa layin dogo a Kenya a 1898 sun shekara 25 a matsayin shimfiɗar ɗaki kafin a sayar wa gidan tarihi na Field a Shikago a 1924. An riga an datse gefen fatun, dole aka tsayar da su ƙasa da girmansu na gaskiya.

Maganar mafarauta, a yi hattara. Ranar da ka biya kuɗin tsuntsu ɗaya ka buɗe kasuwa, gobe za a kawo maka abin da bai kamata a kashe ba. Dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta hana farauta da cinikin irin su dankunya da ayu. Duk abin da ya wuce dabbar gida da kifin kasuwa, ka nemi izini a rubuce daga sashen gandun daji na jiha. Mushen da ba a san abin da ya kashe shi ba kuma ba a feɗe shi. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini mara daskarewa na fita ta hanci da dubura, alamar antaraks ce, wadda ta ɓulla a Suleja a Yulin 2023, buɗe ta kuwa shi ke yaɗa cutar. Ɓeraye na ɗauke da zazzaɓin Lassa, tsuntsayen da suka mutu da yawa lokaci guda ana zargin murar tsuntsaye, kare da jemage kuma akwai cutar hauka. Likitan dabbobi ake kira.

In kayan sun taru, sai gadi. Gidajen tarihi suna riƙe danshin ɗaki wajen kashi 45 zuwa 55, haske kuma ƙasa-ƙasa. Mu kuwa hunturu na busar da iska har leɓe da kunnen dabbar da aka tsayar su tsage, Agusta kuma ta kawo fumfuna. Na'urar sanyaya ɗakin da ke kunnuwa tana mutuwa tare da wutar lantarki ta fi rashinta illa, don hawa da saukar ne ke fasa fata. Gara ɗaki mai kaurin bango, da akwatin gilashi mai rufuwa ruf, da silika jel, ƙwayoyin nan masu tsotse danshi, a ciki da damina, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, a kauce wa taga, domin rana na mayar da baƙin gashi ja cikin 'yan shekaru. A shimfiɗa farar takarda a ƙasan akwatin, duk wata a duba. Ɗan gari a ƙarƙashin dabba ko ɓawon tsutsa na nufin ana ci. Abin da ya kamu a ƙulle shi a leda a sa firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, mako biyu ba yankewa, a bar shi ya huce cikin ledar kwana guda kafin a buɗe. Kafur korar ƙwari yake yi, bai cika kashe wanda ya riga ya shiga ba, kuma akwai yaran da jininsu ba ya jure shi, don haka kada ya fita daga rufaffen akwati. In kuma wani ya ba ku kyautar tsohon kan ɓauna ko tsuntsu na zamanin Turawa, kada yara su taɓa. Tun ƙarni na 18 har wajen shekarun 1970 da sabulun arsenik ake shafe fatu, gubar kuma ba ta tsufa.

Kowane abu, ko ɓawon kifi ne, ya samu lamba da takarda: sunansa na Hausa da na kimiyya, wurin da aka same shi takamaimai, ranar da wata da shekara, wanda ya kawo, namiji ko mace, da awonsa. "Kogi" ba wuri ba ne, a rubuta Matan Fada, ko gulbin wane ƙauye. Da fensir ake rubutawa a takarda mai kauri, don tawadar biro narkewa take yi a etanol. Takardar cikin kwalbar take shiga, ba a manna ta a murfi, tsuntsu kuma a ƙafa ake ɗaura masa. A kwafe komai a babban littafi mai ɗinki wanda zai zauna a ofishin shugaban makaranta. Da wannan littafin ne za ka iya tunkarar sashen nazarin dabbobi na jami'a, a Birnin Kebbi ko Aliero ko Sakkwato, ko gidan tarihin halittu na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, su tabbatar maka da sunayen da kake shakka, su kuma nuna maka inda ake samun sinadaran na gaske.